Yadda Za a Taimaki Soja Ya Riƙe Alkawarin Barin Maye

A nan Zamfara, inda shari'a ta hana sayar da giya tun shekarar 2000, abin da ya fi damun iyalan sojoji da askarawa masu aiki a dazukan Zurmi, Tsafe da Maru shi ne tiramol da wiwi, waɗanda wasu ke sha da sunan korar barci a lokacin gadin dare. Idan ɗan'uwanka ya furta da bakinsa cewa yana son dainawa, abu na farko shi ne a yanka wa alkawarin wa'adi.

Kada a bar shi ya dafa Alƙur'ani ya ce har abada, domin ranar da ya zame zai ga ai aikin gama ya gama, ya koma ruwa tsundum, ga kuma kaffara a wuyansa: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in bai samu hali ba ya yi azumin kwana uku. Gara ya ce kwana arba'in, idan ya cika a sabunta. Sojojin Ingila da ke Indiya sun bi irin wannan hanya, inda wani malamin Kirista, Joseph Gregson, ya kafa musu ƙungiyar ƙaurace wa giya a Agra a 1862, aka kuma riƙa ba soja lambar yabo idan ya cika wata shida, a ƙara masa wata idan ya shekara.

Shaida kuwa, a ganina, abokin da suke kwana a shinge ɗaya ya fi kwamanda amfani. A watan Afrilun 1915 Sarkin Ingila George na Biyar ya hana shan giya a fadarsa har a gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, ministan yaƙi Kitchener ya bi sahu, amma firaminista Asquith da yawancin manya suka ci gaba da abinsu, ana kuma raba wa sojoji barasa a ramukan daga. Wanda zai ga hannunka ya nufi aljihu da ƙarfe biyun dare shi ne zai iya tsare ka.

A kuma sama wa bakin abin yi. Ƙungiyoyin ƙaurace wa giya na sojojin Ingila a Indiya sun buɗe ɗakunan shayi da karatun jarida a barikoki. Namu bai wuce butar shayi a kan garwashi da goro a aljihun kaki ba, sai kiran waya daga gida kowace Juma'a, ba tare da gori ba.

Wanda ya daɗe yana shan tiramol kullum kada ya yanke lokaci guda, saboda zufa, makyarkyata da rashin barci za su kayar da shi a inda kuskure ke cin rai. Ya fara alkawarin a makon da ya samu hutu, ya ga likita ya tsara masa yadda zai riƙa ragewa, sannan a soma ƙidayar kwanakin.