Yadda ake zana taswirar dajin da zai riƙe kyarkeci

Idan aka ba ka aikin fitar da taswirar inda kyarkeci zai iya rayuwa, kada ka fara da buɗe kwamfuta. Fara da sanin dabbar. Kyarkeci karen daji ne mai faffaɗan kunne da farar jela a ƙarshenta, jikinsa dabbare-dabbare da baƙi da rawaya da fari, kuma zanen jikin kowane ɗaya daban yake. Ƙiyasin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar a 2012 ya ce kusan 6,600 suka rage a duk Afirka. A Afirka ta Yamma kuwa abin ya kai intaha, waɗanda ake da tabbacin suna nan su ne na gandun Niokolo-Koba a Senegal. Garke guda na iya yawo a fili mai ɗaruruwan murabba'in kilomita, wani ma ya haura 1,000. Riƙe wannan adadi a ranka. Yankari gaba ɗayanta ba ta wuce murabba'in kilomita 2,250 ba, ka ga ke nan ko komai ya daidaita garke kaɗan za ta ɗauka.

Abu na farko shi ne tara wuraren da aka taɓa ganinsa. Akwai GBIF, rumbun bayanan inda aka ga halittu, a intanet, akwai littafin sintirin ma'aikatan gandun daji, akwai hotunan kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya. Kowane gani ka rubuta masa wuri da shekara da wanda ya gani da irin shaidar. Ni kashi uku nake yi: mai hoto ko gawa, wanda ƙwararren ma'aikaci ya gani da ido, sai kuma "an ce". Na ukun ba na zubar da shi, amma ba ya shiga lissafi. Ganin shekarun 1970 ma gefe nake ajiye shi, don dajin da aka gan shi a lokacin yau gonar auduga ce ko ta masara.

Hira da maharba da makiyaya ita ce wurin da nake so ka daɗe. Kada ka je ruga ka ce, "Baffa, kana ganin kyarkeci?" Don kara zai ce maka e. Ɗauki katunan hoto ka cakuɗa su, kura da dila da karen gida da kyarkeci da wata dabbar da ba a taɓa samu a yankin ba, ka shimfiɗa a tabarma ka ce ya ware waɗanda ya sani. In ya ɗauki baƙuwar dabbar nan, ka san nauyin da za ka ba maganarsa. In ya ɗauki kyarkeci, tambaye shi su nawa ne, da wane lokaci, me suke yi. Wanda ya gani da gaske zai ce maka garke ne, da sassafe ko da la'asar sakaliya, suna bin mariya ko mazo a guje ba sa gajiya. Wanda ya ce shi kaɗai ne yana jan ƙugu da tsakar dare, kura ya gani. Shekara kuma a ɗaura ta da wani abu da kowa ya tuna, kamar ambaliya ko rasuwar hakimi. Sawu kaɗai kada ka yarda da shi kusa da gari, domin na babban karen farauta yana rikitar da ko gwani.

Daga nan sai shimfiɗun bayanai, wato taswirorin da ake ɗora wa juna, a manhajar taswira ta QGIS, wadda kyauta ce. Ruwan sama da zafi daga WorldClim, yanayin ciyayi da gonaki daga hotunan tauraron Sentinel-2, yawan jama'a daga WorldPop, hanyoyi daga OpenStreetMap. Ka mayar da su duka gida-gida na murabba'in kilomita ɗaya. Wannan aikin yini ne.

Matsalar ita ce kyarkeci ba ya zaɓen ciyawa. Yana zama a fili, yana zama a kurmi, an same shi har a gefen hamada. In ka gina taswira kan ruwan sama da itatuwa kawai, za ta shafa maka kore, alamar wurin da ya dace, daga Senegal har Sudan, ka yi ta murna a banza. Abin da ke kashe shi shi ne abin aunawa: tarkon waya da aka ɗana wa gada, guba a mushe, motar dare a kan kwalta, da ciwon haukan kare da ake ɗauka daga karnukan gida. A gandun Serengeti na Tanzaniya kyarketai sun ɓace a 1991, kuma cuta na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Don haka shimfiɗun da suka fi tsada su ne waɗanda babu su a intanet: burtali, mashaya, sansanin mafarauta, inda masu sintiri ke kwance tarko, ƙauyukan da karnuka suka yi yawa. Waɗannan da ƙafa da na'urar GPS ake samo su.

Ga wani abin da ke ba sababbin hannu mamaki. Inda nama ya fi yawa ba lallai nan ya fi dacewa ba. Binciken da aka yi a gandun Kruger na Afirka ta Kudu ya nuna kyarketai na kauce wa wuraren da dabbobi suka fi cika, saboda nan zaki yake, shi kuwa yana kashe manya da 'ya'ya. Kura kuma ƙwace take yi. Saka inda zaki yake a lissafinka. Saka tuddai da sarƙaƙiya ma, don a irin nan kyarketai suke samun tsohon ramin dabgi su haihu, garken ya yi wajen wata uku yana kewaya ramin.

Kafin ka zuba wuraren gani a MaxEnt, manhajar da ke hasashen inda dabba za ta iya rayuwa, ka rage su. Yawancinsu za ka tarar sun jeru a bakin hanyar mota da kusa da masaukin baƙi, saboda nan mutane ke bi. In ka bar su haka, manhajar za ta koyi cewa kyarkeci na son hanya. Bar gani ɗaya a kowane 'yan kilomitoci, ka ɓoye kashi ɗaya cikin huɗu don gwada sakamakon. In wuraren ba su kai talatin ba, ni ban ga amfanin wahalar da MaxEnt ba. Gara a tara masana dajin a zana da hannu, kamar yadda aka yi a taron La Tapoa da ke gandun W na Nijar a 2012, inda aka kasa ƙasa zuwa inda kyarkeci yake zaune, inda wataƙila yana nan, inda yake ratsawa, inda za a iya maido shi, da inda ya ƙare.

Da taswira ta fito, share duk wani ɗan tsibirin kore da bai isa garke ɗaya ba, sai in yana kan hanya tsakanin manyan dazuzzuka biyu. Matasan kyarketai kan bar garkensu su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita neman abokan kafa sabo, saboda haka siririn dajin bakin kogi na iya fin wani babban fili daraja. A yankin gandunan W da Arli da Pendjari wannan na nufin taswirarka ta tsallaka iyakar Nijar da Burkina Faso da Benin. Wuraren da rashin tsaro ya hana shiga a ba su launinsu daban, a rubuta ba a duba ba.

Sai ka buga ta a babbar takarda ka koma wurin waɗanda ka yi hira da su, su nuna maka inda ta yi ƙarya. Bayan gyara, ka fitar wa shugaban gandun abu uku a kanta: inda za a tsananta sintirin kwance tarko, ƙauyukan da za a fara yi wa karnukansu allurar rigakafi, da mararrabar da za a tattauna da ardo da manoma kafin a nome ta. Kwafin da zai shiga intanet a cire masa wurin ramukan haihuwa, kuma a rubuta shekarar bayanan a ƙasan kowace taswira.