Darasi na Tara: Rubutun Kwafe da Rubutun Kanka a Wajen Google

Assalamu alaikum 'yan ajinmu, iyaye da yayye. A darasin da ya wuce mun koyi buɗe shafi a intanet da sa hoton kaya da lambar waya, toh yau maganar abin da za a rubuta a ciki ce, kuma na san wasu har sun fara shirin leƙa shafin wani su kwaso nashi su manna. Dan Allah a dakata tukuna.

Shi Google kamfanin Amurka ne, Larry Page da Sergey Brin suka kafa shi a 1998, yana da wata manhaja mai suna Googlebot da ke yawo dare da rana tana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya tana karantawa tana adanawa. In mutum ya ɗauki waya ya rubuta "mai ɗinkin hula a Daura", cikin abin da aka riga aka adana ɗin nan ake dubawa a jero mashi, kuma na sama shi ke samun ciniki, ku da kanku yaushe rabon da ku leƙa shafi na biyu na sakamakon bincike?

Yanzu a ce baƙo ya sauka Katsina ya ce ma ɗan rakiya ya kai shi inda ake saida atamfa, sai ga shaguna goma jere, atamfa iri ɗaya, zane ɗaya, kuɗi ɗaya. Ba zai yi ta zagayawa da baƙo cikin rana ba, shagon da ya fi sani zai kai shi, sauran taran ko labarin zuwan baƙon ba za su ji ba. Haka Google ke yi in ya tarar da rubutu ɗaya a wuri goma, ya zaɓi guda ya nuna, ragowar ya ture su gefe, kuma yawanci wanda yake gani shi ne tushe yake ɗauka, ko wanda wasu shafuka suka fi nuni gare shi. Kai da ka buɗe shafi shekaranjiya ka manna rubutun babban kanti, kaga ai kana cikin taran nan.

Za ku ji ana cewa wai Google na hukunta duk wanda rubutunshi ya yi kama da na wani. Abin bai kai haka ba, su da kansu sun bayyana cewa maimaicin rubutu kawai ba laifi bane in ba da niyyar yaudara aka yi ba, ɓoye shi dai ake yi. Amma wanda ya maida kwasar kayan mutane sana'a, ya cika shafi da su don talla ta biya shi, wannan kam ana danne shi. A watan Fabrairu na 2011 suka fito da wani sauyi a tsarin jera shafuka mai suna Panda wanda ya taɓa kusan kashi 12 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka, shafuka masu kwashe-kwashe da yawa suka gangaro ƙasa, a Agusta 2022 kuma suka ƙara wani don fifita rubutun da aka yi domin amfanin mai karatu. Dabarar canza kalma biyu ukku a rubutun wani ma tana cikin abin da dokarsu ta hana. Abin da ke mani ciwo shi ne wani lokaci ɓarawon ke hayewa sama da mai shi, in haka ta same ka akwai fom na haƙƙin mallaka da ake cikewa a kai ma Google ƙara.

In kuma rubutun naka ne amma yana fitowa a adireshin intanet biyu, ka ce ma yaron da ya haɗa maka shafin ya sa alamar kanonikal, wato alamar da ke nuna ma Google wane adireshi ne na asali, ya san ta, tun 2009 ake amfani da ita.

Toh mi za a rubuta? Abin da ka sani mana. Ku duba rijiyar Kusugu, shafuka nawa ke maimaita labarin Bayajidda da macijiya kusan da kalmomi iri ɗaya, amma yadda baƙo zai isa wurin daga tasha, nawa ɗan acaɓa ke karɓa, wane lokaci ya fi dacewa a je, wannan sai mutumin Daura. Ke kuma Hajiya mai turaren wuta, itacen da kike haɗawa da kwanakin da yake yi a jiƙe da yadda kike aika ma 'yan Funtua da Malumfashi, wallahi ba wanda ke da wannan bayanin sai ke, ko da ƙa'idar rubutunki ba ta gama zama ba ki rubuta, za mu gyara tare a aji.

Aikin gida: kowa ya rubuto jimla biyar a kan sana'arshi, yadda zai faɗa ma mai saye baki da baki. Sai ka ɗauki jimla ɗaya ka sa ta tsakanin alamar zance, wato " da ", ka nema a Google, in ta fito a shafin wani ka canza ta. A zo da littafi da waya mai caji ranar Asabar bayan La'asar in sha Allah.