Yadda ake tsara jerin kamfanonin da za a sa wa ido a kasuwar hannun jari

Da zarar ka buɗe asusu wurin dillalin da ke da lasisin hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari, aka ba ka lambar CSCS, wato lambar asusun da ake ajiye hannun jarinka a ciki, manhajar dillalin za ta zubo maka kamfanoni sama da 100 da ake cinikin hannun jarinsu a kasuwar NGX ta Legas. Mu da ke Birnin Kebbi muna haɗa wannan harka da aikin ofis ko zaman shago ba za mu iya bin su duka ba. Don haka kafin ka zuba ko kwabo, ka zauna ka fitar da naka jerin, kuma kada ya wuce kamfani goma.

Fara da waɗanda ka san abin da suke sayarwa. Simintin BUA daga Kalambaina ta Sakkwato yake fitowa, tirelolinsa kullum suna kan titunanmu, kuma kana jin kuɗin buhu a bakin magina. Haka MTN, haka sukarin Dangote. Idan kana gudun riba ta haram, duba ma'aunin NGX Lotus Islamic, wanda ke tattara kamfanonin da aka tantace bisa shari'a.

Ni a littafi nake rubuta nawa da biro, duk da manhaja na da wurin ajiye jerin, domin abin da hannu ya rubuta yana da wuyar musantawa. Na kasa shi gida uku: waɗanda na riga na mallaka, waɗanda nake jira farashinsu ya sauko, da waɗanda nake karatu a kansu tukuna.

Gaban kowane suna nan ne aikin yake. Rubuta farashin da za ka saya, da wanda in ya faɗi zuwa can za ka fita. Sannan ka rubuta dalilinka a jimla ɗaya tak. In ka kasa, to ba ka fahimci kamfanin ba, mayar da shi gida na uku. Ka yi wannan da dare, kasuwa a rufe, hankalinka a kwance. Mai sayen albasa a Aliero don ajiya yakan yanke kuɗin da zai biya tun daga gida, surutun 'yan kamasho ba ya ɗaga shi. A NGX hannun jari na iya hawa ko sauka har kashi 10 cikin 100 a yini guda, kuma ranar da ya hau ne zaurukan WhatsApp ke cika da "a saya, a saya". Dokata ita ce duk kamfanin da bai yi mako biyu cikin jerin ba, ba na taɓa shi, ko wa ya kawo labarin.

Ƙara ranaku biyu: lokacin fitar da rahoton wata uku-uku, da ranar ƙarshe ta cancantar rabon riba. Wanda ya saya bayan wannan rana ba ya cikin rabon.

Akwai wani gurbi da nake roƙon kowa ya buɗe: shin kamfanin na da bashin dala? Bayan an saki farashin naira a watan Yunin 2023, MTN Najeriya da Nestle da sukarin Dangote duk sun rufe shekarar da asara saboda canji, alhali ciniki na tafiya. Wanda ke kallon farashi kaɗai bai hango wannan ba.

Duba kuma yawan hannun jarin da ake cinikinsa a rana. Wani kamfanin saye da sauƙi, ranar sayarwa ka rasa mai karɓa.

Ranar Asabar bayan la'asar nake bitar littafin. Ina karanta dalilin da na rubuta, in tambayi kaina ko yana nan daram. In ya rushe, sai in ja layi a kan sunan, in rubuta kwanan wata da abin da ya sauya, kuma ba na shigar da sabo sai an samu gurbi.