Yadda ake zaɓar keken hawan dutse da kula da shi, musamman birki da sarƙa

Kusan duk sabon shigan da na taɓa fita da shi, ba hawan dutsen ne ke kayar da shi ba, abin da yake yi wa keken bayan ya dawo gida ne. Mutum ya tara kuɗi ya sayi keke mai kyau, ya hau sau biyu sau uku, ya ga ya yi futu-futu da ƙura, sai ya ɗauko ruwa da gwangwanin man feshi ya hau yi masa gata, washegari birki na ihu kuma ba ya kamawa, shi kuma yana cewa an sayar masa da jabu. Ba jabu ba ne, da hannunsa ya lalata shi. Ni ma na yi, shi ya sa zan daɗe a wurin in mun iso. Amma bari mu fara daga sayen keken.

Zaɓen keke

In kuɗinka ba su da yawa, ka sayi mai shokazoba a gaba kawai, ka rufe ido daga mai shokazoba gaba da baya. Wannan ba shawara ba ce ma, doka ce a wurina. Mai gaba da baya na araha nauyi ne da shi kamar an ɗaura masa dutse, gaɓoɓinsa na baya kuma ba sa jimawa suke fara girgiɗi, alhali da kuɗin nan za ka samu mai na gaba kawai wanda kayan jikinsa duk na kirki ne, ga sauƙin gyara.

Abin da za ka duba: shokazobar gaban ta zama ta iska ba ta waya mai lanƙwasa ba, don ta iska ce za ka iya saitawa daidai nauyinka. Tafiyarta kuma, wato iya nisan da take nutsewa, milimita 120 zuwa 140 ya ishe ka yawon daji da hawa da gangara, masu 160 da 170 na masu dirowa daga manyan duwatsu ne, kai wahala kawai za su ba ka a hawa. Birki ya zama na faifai mai aiki da mai, ba na waya ba. Giya kuma faranti ɗaya a gaba da jerin farantan haƙora 11 ko 12 a baya, tun da kamfanin kayan keke na SRAM ya fito da tsarin a 2012 kusan kowa ya koma can, kuma gaskiya ya rage ciwon kai, sarƙa ba ta yawan zamewa. Taya inci 29 ta fi haye duwatsu da saiwoyi cikin sauƙi, 27.5 ta fi saurin juyawa kuma ta fi dacewa da gajeren mutum, 26 ta zama ta da, samun tayarta mai kyau ma sai an sha nema.

Girman firam kuwa kar ka yarda a ce maka "ai za ka saba". Ba za ka saba ba, bayanka ne zai gaya maka. Ka duba jadawalin tsayi na kamfanin, ka hau ka zaga. In na hannu ne za ka saya, haska fitila a duk wurin walda ka nemi tsagewa, sannan ka shafa sandunan shokazoba masu sheƙin nan, in akwai ƙarzuwa mai zurfi ka bar shi ko nawa aka rage maka.

Saita shokazoba da iskar taya

Mutane da yawa yadda aka miƙo musu keken haka suke hawansa shekara guda. Ka samu ƙaramin famfon shokazoba, daban yake da na taya. Ka sa kayan da kake fita da su har da jakar baya, ka jingina da bango, ka hau a hankali, ka tura zoben robar nan da ke jikin sandar ya taɓa bakin shokazoba, sai ka sauka ba tare da ka yi tsalle ba. Nisan da zoben ya matsa shi ne abin da nauyinka kaɗai ya cinye. A gaba ana son kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, misali in tafiyarta milimita 130 ce, to zoben ya matsa kamar 20 zuwa 26. Ta baya in kana da ita kashi 25 zuwa 30. Ya wuce haka ƙara iska, bai kai ba rage.

Taya kuma ba a cika ta tam kamar ta keken kwalta. Da zarar ta yi tauri da yawa sai ta riƙa tsalle a kan duwatsu tana zamewa a kwana. In marar tiyub ce, fara da psi 23 (psi ma'aunin iskar taya ne) a gaba da 26 a baya in kai matsakaicin mutum ne, daga nan ka riƙa ragewa ko ƙarawa kaɗan-kaɗan. In da tiyub a ciki ƙara kaɗan a kan haka, in ba haka ba rim zai matse tiyub ɗin a kan dutse ya yi masa huji biyu gefe da gefe kamar saran maciji. Ruwan toshe huji da ake zubawa a marar tiyub yana bushewa, duk wata uku zuwa shida ka girgiza tayar ka saurara, in ba ka ji motsin ruwa ba ƙara.

Wanki, sarƙa da birki

To ga inda ake yin ɓarnar.

Na farko, kar ka kai kekenka wurin injin wankin mota mai feshi da ƙarfi. Ruwan nan yana kutsawa ta bayan robobin da ke rufe boris ya wanke giris ɗin ciki, a ranar ba za ka ga komai ba, bayan wata biyu ne za ka ji cibiyar taya ko ta feda na gurnani. Bokiti, soso, buroshi mai laushi da ɗan sabulu sun isa. Soson da ya taɓa sarƙa kuma kar ya kusanci faifan birki, ka ware masa nasa tsumman.

Ni abin da ya same ni, na wanke keke tas, na ɗauko man feshi ina juya feda baya-baya ina fesa wa sarƙa, ina jin daɗin yadda take ƙyalli. Ban lura ba ashe tururin man yana ratsawa ta tsakanin sifok yana sauka a kan faifan birkin baya, wanda tsakaninsa da haƙoran giya bai kai tafin hannu ba. Da safe muka fita, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ban ji komai ba sai ɗan ƙara. Muna kaiwa gangara ta farko mai tsakuwa na ja birkin baya, hannun birkin ya yi tauri yadda ya saba amma keken tafiyarsa kawai yake yi yana wani kuka, na ƙara matsewa har yatsana ya yi fari, a tsorace na damƙe na gaba gaba ɗaya, tayar gaba ta kafe, sai ga ni a cikin ƙaya keken a kaina. Sati uku ina ɗingishi. Abin haushin ma da na ciro fatar birkin, wato ƴan ƙananan guntayen nan biyu da ke matse faifan, sai na ga sun yi baƙi suna sheƙi kamar an goge su da man takalmi.

Dalili shi ne fatar birki tana da ƙananan ƙofofi, mai yana shiga cikinta ne kamar yadda ruwa ke shiga soso, ba a sama yake tsayawa ba. Za ka ji masu cewa a goge ta da sanfefa ko a gasa ta a wuta. Na gwada duka biyun, kwana biyu ta yi shiru, da ta ɗau zafi a gangara man da ke ciki ya sake tasowa. In mai ya taɓa ta jefar da ita ka sa sabuwa, ba ta kai kuɗin asibiti ba. Kafin ka sa sabuwar kuma ka goge faifan sosai da sifirit irin na isopropyl da tsumma mai tsabta, ka goge cikin bakin birkin ma, in ba haka ba sabuwar za ta kwashi ragowar man. Ko da yatsa kar ka riƙa kama faifan, maiƙon hannu ma yana ɓata shi.

Sabuwar fata ba ta kamawa nan take, sai an koya mata faifan. Nemi fili, ɗauki matsakaicin gudu, ja birki ɗaya da ƙarfi har ka dawo saurin mai tafiya a ƙasa amma kar ka tsaya cak, saki, sake. Kamar sau 20, sannan sau 10 da gudun da ya fi haka. Za ka ji kamun yana ƙaruwa a hannunka. Wanda ya tsallake wannan shi ne yake dawowa yana cewa sabuwar ma ƙara take yi.

Wasu abubuwa biyu a kan birki. In ka cire taya kar ka ja hannun birki, fistin ɗin da ke tura fatar za su fito su haɗe bakin, in ya riga ya faru tura su baya a hankali da robar cire taya, ba da sukurudireba ba. Sannan man cikin birki iri biyu ne, kamfanin Shimano na amfani da man minaral, yawancin na SRAM kuma wani mai da ake kira DOT, ko da yake wasu sababbinsu sun koma minaral. A rubuce yake a jikin hannun birkin, karanta. In ka zuba wanda ba nasa ba robobin ciki kumbura suke yi, birkin ya tashi aiki gaba ɗaya. Fata in kaurinta ya yi ƙasa da milimita 1 canza ta, faifan ma akwai iyakar kaurinsa a rubuce a jikinsa, na Shimano 1.5 ne. Dama tun asali birki ne matsalar wannan wasa, tseren gangara da aka fara a 1976 a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka sunansa Repack, wato sake cusawa, saboda kafin mutum ya kai ƙasa giris ɗin cikin birkin baya ya ƙone yana hayaƙi, dole a sake cusa wani.

Yanzu yadda ake sa wa sarƙa mai. Ba feshi, na ɗigo kawai, kuma na sarƙar keke, ba baƙin man mota ba, ba WD-40 na gama-gari ba. Goge sarƙar da tsumma tukuna, ta bushe. Sai ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa ta ɓangaren ciki, a layin sarƙar na ƙasa, nesa da faifai, kana juya feda baya a hankali. Bar shi ya shiga na ƴan mintuna, in da hali ma ya kwana. Sannan ka kama sarƙar da busasshen tsumma ka juya har sai wajenta ya bushe. Man da ke aiki a cikin gaɓoɓi yake, na waje ƙura kawai yake tarawa ya zama kamar garin wasa wuƙa yana cin haƙora. Lokacin ƙura yi amfani da mai marar danƙo, lokacin laka mai danƙo.

Sarƙa tana ƙara tsawo in ta ci, kuma tana cinye haƙoran giya tare da ita. Ɗan ƙarfen awon sarƙa ba shi da tsada, in giyarka 11 ko 12 ce canza sarƙar in ya nuna 0.5, in 10 ce ko ƙasa za ka iya kaiwa 0.75. In ba ka da shi sa rula, daga tsakiyar ƙusa guda zuwa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif a sabuwar sarƙa, in ya ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci lokaci ya yi. Ka yi sakaci ka sayi sarƙa da jerin haƙoran baya tare.

Sauran

In giya ta fara tsalle bayan faɗuwa kar ka hau murɗa ƙananan sukurorin nan, tsaya ta bayan keken ka duba ɗan ƙarfen da ke riƙe da na'urar canza giya, sau da yawa shi ne ya lanƙwashe, dama an yi shi ne ya lanƙwashe a madadin firam. Ajiye irin ƙarfen ɗaya na canji, kuma ka riƙa kwantar da keke ta gefen hagu. Fedar hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure sauran. Notocin kan keke an rubuta ƙarfin ɗaurinsu a gefe, yawanci Nm 5 ko 6 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗa noti ne), kar ka murɗe da ƙarfin tsiya musamman in na kabon ne ba na ƙarfe ba. Goge sandunan shokazoba duk dawowa, kamfanin shokazoba na RockShox sun ce a yi wa ɓangaren ƙasanta sabis duk awa 50 na hawa, kamfanin Fox kuma awa 125 ko shekara guda.

Kayan sawa: hular kwano dole, in ta taɓa bugun ƙasa da kanka a ciki ta gama aiki ko ba ka ga tsagewa ba. Safar hannu, tabarau saboda rassa da tsakuwa, makarin gwiwa. Fara da feda mai faɗi, bar mai maƙale takalmi sai ka ƙware. A jaka kuma tiyub ɗaya ko da tayarka marar tiyub ce, ƙaramin famfo, alanki mai baki da yawa wanda ke da abin yanke sarƙa, mahaɗin sarƙa daidai da adadin giyarka don na 11 ba ya zama a 12, robar cire taya biyu, da ruwa fiye da yadda kake zaton za ka sha.