Yadda Kwamitin Ƙauye Zai Kauce wa Jinkiri a Aikin Samar da Ruwa

A ƙauyukan da ke kewaye da Jos, mutum yakan tarar da hasumiyar ƙarfe a tsaye babu tanki a kanta, ko rijiyar burtsatse da aka haƙa aka toshe bakinta da buhu da dutse, alhali mata na ci gaba da ɗebo ruwa daga tsoffin ramukan kuza. Akan ɗora laifin a kan rashin kuɗi, amma a ganina abin da ya fi tsayar da aikin 'yan sa-kai shi ne farawa a lokacin da bai dace ba, da kuma gabatar da abin da ya kamata ya biyo baya.

Kafin a karɓi ko sisin kwabo daga hannun jama'a, a kammala maganar fili. Wanda ya bayar da wurin ya sa hannu a takarda a gaban mai unguwa ko dagaci, tare da manyan 'ya'yansa da 'yan'uwansa, domin sau da yawa magada ne ke tayar da rigima bayan ruwa ya fito. Sai dai kada a rubuta takardar kafin masana su auna ƙasa. Ƙasar Filato a kan dutse take zaune, ruwan kuma yana maƙale ne a cikin tsagar dutsen da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, saboda haka wuri biyu da ke kusa da juna ɗaya na iya ba da ruwa, ɗayan ya ba da ƙura. Kuɗin awo kaɗan ne idan aka kwatanta da asarar haƙa busasshiyar rijiya. A tabbata wurin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga masai da juji. Yana da kyau kuma kwamiti ya sanar da sashen ruwa na ƙaramar hukuma da hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, wato PRUWASSA, tun da wuri, ko don a san zurfin rijiyoyin da aka riga aka haƙa a yankin.

Babban abin lura shi ne lokaci. Damina a Jos takan fara a watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma a Yuli da Agusta hanyoyin ƙauye kan lalace har motar haƙa, mai nauyin gaske, ta kafe a taɓo. Ban da haka, masu aikin gayyar manoma ne, kuma babu wanda zai bar gonar masara ko dankalin Turawa ya tafi haƙa ramin bututu, komai son da yake yi wa garinsu. Kwamitin da ya kira gayya a tsakiyar noma, mutane suka ƙi fitowa, bai kamata ya zarge su da lalaci ba. Don haka a mayar da damina lokacin taro da takardu da neman farashi, a tara karo-karo bayan girbi lokacin da kuɗi ke hannu, sannan a yi haƙa tsakanin Janairu da Maris. Haƙan rani yana da wata fa'ida: a lokacin ne ruwan ƙasa ke ja da baya, rijiyar da ta ba da ruwa a Maris kuwa da wuya ta ƙafe daga baya. Inda ake noman rani na tumatir da kabeji da karas, a tambayi manoman ranar da za su samu sarari. A garin da Musulmi da Kirista ke zaune tare a bar Juma'a da Lahadi, haka ma ranar kasuwa. Ya fi dacewa a raba aikin unguwa-unguwa, kowace ta san iyakar ramin da za ta haƙa da yawan yashi da tsakuwar da za ta kawo, domin kiran gari gaba ɗaya yakan ƙare da mutum kaɗan suna wahala, sauran na kallo.

Game da kuɗi, kada a fara wani mataki sai kuɗinsa sun cika. Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, farashin dizal da siminti da kayan sola bai tsaya wuri ɗaya ba, saboda haka lissafin da aka yi watanni shida baya ba abin dogaro ba ne. Idan kuɗin bututu ko siminti sun samu, a saya a ajiye, amma siminti ba ya son daɗewa ko danshi. A buɗe asusun banki da sunan kwamiti, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu, a sa mata a ciki, ma'aji kuma ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a kowane wata. Da zarar zargi ya shiga, karo-karo ya tsaya.

Ɗan kwangila kuwa a biya shi kashi-kashi. A rubuta tun farko wanda zai ɗauki asara idan ba a samu ruwa ba, a kuma riƙe kason ƙarshe har sai an wanke rijiyar, an ja ruwa na tsawon sa'o'i an ga ƙarfinsa, an kai samfuri ɗakin gwaji. Sakamakon wannan jan ruwa ne zai nuna ko famfon tuƙa-tuƙa ya dace ko injin sola, don haka kada a sayi inji kafinsa.

Akwai jinkirin da dole ne a haƙura da shi. Kankaren gindin hasumiya yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, ba ya kuma kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Lita 1,000 na ruwa tan ɗaya ne, ke nan tanki mai lita 5,000 zai ɗora wa ginin tan biyar. Ko da matasa sun matsa a cika tanki saboda an sa ranar buɗewa, kwamiti ya ɗaga bikin, ya yi amfani da waɗannan makonni wajen koya wa mutum biyu gyaran famfo da kuma tsayar da kuɗin da kowane gida zai riƙa biya na gyara.