Yadda na gyara tsatsar bututun bindigar farauta

Damina ta wuce a nan Maraɗi, na tarar cikin bututun ya yi ja. Laifin kuben fata ne, yana riƙe laima.

Na fara tabbatar da babu harsashi a ciki. Na jiƙa tsumma da kananzir, na cusa, ya kwana. Da safe na goge da buroshin tagulla daga gindi zuwa baki, kamar sau 20. Na ƙarfe yana karce bututu, ku guje shi. Na yi ta sauya tsumma har ya fito fari, sannan na shafa man keken ɗinki kaɗan. Man gyaɗa danƙo yake yi.

In kun haska kun ga ramuka masu zurfi, kada ku harba ta.