Yadda ake kallon galaksi ɗaya da haske iri-iri, daga ido zuwa rediyo

Galaksi dandazon taurari ne da iskar gas da ƙura, kuma abin da ido ke gani a cikinsa kaɗan ne. Gas mai sanyi sai da igiyar rediyo ake gano shi, ƙura sai da infirared, jariran taurari sai da altarabayolet; duka ukun nau'o'in haske ne da ido ba ya gani. Wanda ya jera waɗannan hotuna zai iya sanin ko galaksi na kan ƙuruciya ko ya fara tsufa. Ido da waya mai intanet sun isa.

Da farko, ka gan shi da idonka. Mafi sauƙi shi ne Andromeda, mai lamba M31. A Maradi lokacinsa mafi kyau daga Oktoba zuwa farkon Disamba, bayan damina ta ɗauke, kafin hazon hunturu ya toshe sama. Zaɓi daren da babu wata, ka fita bayan gari, hanyar Madarunfa ko ta Tibiri, inda fitilu ba su kai ba. Ka zauna minti 20 cikin duhu ba ka taɓa waya ba. A tsakiyar Nuwamba, wajen ƙarfe 9 na dare, fuskanci arewa: za ka ga taurari 5 sun yi siffar harafin M, su ne Kasiyofiya. Bi tsinin da ya fi haske zuwa sama, can za ka tarar da wani ɗan tabo fari-fari. Kada ka zura masa ido, kalle shi ta gefen ido, ya fi fitowa. Abdurrahman al-Sufi ya rubuta shi a shekarar 964, ya kira shi ƙaramin gajimare. Hasken nan ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya.

Na biyu, buɗe shafin Aladin Lite ko ESASky, taswirorin sama ne a intanet, duka kyauta ne. Rubuta M31. Hoton farko na hasken ido ne. Tsakiyar tana da launin rawaya, tsofaffin taurari ke nan. Lura da baƙaƙen layukan da suka ratsa shi, za mu dawo kansu.

Na uku, sauya zuwa infirared. A nan ya kamata ka daɗe. A jerin hotunan da ke shafin, kowanne da sunan na'ura ko binciken da ya ɗauke shi, fara da 2MASS: layukan nan baƙaƙe sun kusa ɓacewa, domin wannan haske yana ratsa ƙura. Sannan ka koma WISE ko Herschel, masu zango (tsawon igiyar haske) mafi tsawo, sai lamarin ya juye. Tsakiyar da ke ƙyalli ta dushe, baƙaƙen layukan su ne yanzu ke ci bal-bal, har suka haɗa wani babban zobe mai nisan shekarar haske (tazarar da haske ke yi a shekara ɗaya) kusan 32,000 daga cibiya. Ƙura ce ta sha hasken taurari ta yi ɗumi, take mayar da shi. A cikinta ake haihuwar taurari. Ba ruwanka da ja ko shuɗin da ka gani a hoton, masana ne suka shafa launin don ido ya bambance, infirared ba shi da launi.

Na huɗu, GALEX, wato altarabayolet. Zoben zai sake fitowa, wannan karo da manyan taurari masu zafi waɗanda ba su wuce ƴan miliyoyin shekaru a raye. Inda ka gansu, haihuwa ba ta daɗe ba.

Na biyar, rediyo. Karl Jansky ne ya fara jin ƙarar sama a 1932, a 1951 kuma aka kama siginar iskar haidurojin, wato gas ɗin nan mai sanyi, mai zangon santimita 21. Rubuta "M31 HI 21 cm" a Google, ka duba hotuna. Gas ɗin ya miƙe nesa da inda taurari suka ƙare. Shi ne hatsin rumbu: muddin akwai shi, galaksi zai ci gaba da yin sababbin taurari, in ya ƙare sai tsufa. Ni a ganina wannan hoton ya fi sauran muni, amma ya fi su faɗin abin da zai faru gobe.

Yanzu gwada da wani. Rubuta M87, mai nisan shekarar haske miliyan 55. Dunƙule ne, ba zobe, gas mai sanyi ɗan kaɗan, taurari tsofaffi. Amma a rediyo da eksire za ka ga wani dogon harshe yana fita daga baƙin ramin da ke cibiyarsa, wato wuri mai tsananin jan nauyi da ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa; an fitar da hoton ramin a 2019. Masana na ganin irin wannan feshin yana ɗumama gas, ya hana shi sanyin da zai zama taurari. Mu a Maradi muna da wani irinsa kusa, Centaurus A, da ke fitowa ta kudu cikin Afrilu da Mayu, kuma ƙaramin madubin hangen nesa na hannu zai nuna shi in sama ta yi tas.

Mataki na ƙarshe shi ne komawa baya. Duk abin da ya fi nisa, tsohon haskensa kake gani, kuma faɗaɗar sararin samaniya tana miƙar da hasken har ya koma infirared. Shi ya sa aka ƙera na'urar James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, don wannan haske. Nemi hotunanta na JADES, wani bincikenta na galaksi masu nisa sosai, ka ƙara girman ƙananan jajayen ɗigon. Galaksin can ƙanana ne, marasa tsari, suna ɓarin taurari da sauri. A 2024 ta gano JADES-GS-z14-0, yadda yake shekara miliyan 290 kacal bayan farkon sararin samaniya, mai shekara biliyan 13.8. Hotunan Webb suna cin data sosai, gara ka sauke su inda akwai wifi.